Kazar da Ta Cire wa Duna Kaska

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

A gidan Malam Tanimu akwai wani jibgegen kare, Duna. Ya kai maraƙi, ga haƙuri. Kaska ta cika masa kunnuwa har ya kwanta.

Kaza ta ce, "Ni zan tsince masa."

Agwagwa ta ce, "Ke 'yar'uwa, loma ɗaya zai yi da ke!"

Kaza ta ce, "Ya yi ɗin! Tunda ya kwanta Shirwa ke kwashe mini 'ya'ya."

Kullum da safe sai ta haye wuyansa tana tsinta, ba ta fasa ba, har Duna ya miƙe.

Ranar da Shirwa ta kawo sura, 'yan tsaki suka shige ƙarƙashinsa. Duna ko haushi bai yi ba, hamma kawai ya yi. Shirwa ta leƙa bakin nan, ta sake unguwa.

Ƙurunƙus, kan kaska!