Fayil Ɗari Uku Masu Lanƙwasasshiyar Kusurwa

Akwai wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati da kowa ke ce wa Mai Fayil. Kawunsa, darakta a ma'aikatar, shi ya samo masa aikin, kuma ko a bakin matakala suka haɗu sai ya tuna masa.

A wurin nan, kafin a duba takardun karatunka sai an tambayi garinku da yarenku. Kwatsam gwamnati ta zo da gyara: za a ɗauki sababbin ma'aikata, amma a cire sunaye daga fayil, lamba kawai za a gani. Wanda aka kama da maguɗi, kora ce da kotu.

Ranar Litinin Kawu ya kira shi, ya murza makullin ƙofa, ya miƙa masa 'yar takarda.

"Lambobin yaranmu ne, su ashirin. Ka lanƙwasa kusurwar fayil ɗinsu. Akwai namu a kwamiti, yana gani zai gane."

"Kawu, in aka kama ni fa?"

"In ka ƙi fa? Wa ya ɗora ka a kujerar nan? Ni da bakina zan faɗa wa uwarka ta haifi butulu."

Bawan Allahn nan ya koma ɗakin ajiya, inda fayil ɗari uku ke jiran kwamiti. Fanka na juyawa, shi yana gumi. Matarsa na da cikin wata takwas, kuma albashin nan kaɗai gare su.

Ya lanƙwasa na farko. Na kusa da shi ya zame ya buɗe. Na wata mace ne, karo na huɗu ke nan tana nema, sakamakonta ya fi na ashirin ɗin nan duka. Bai san yarenta ba. Tausayinta ya kama shi, ya lanƙwasa nata. Ya lanƙwasa na gaba. Bai tsaya ba sai da ya gama da duk ɗari ukun.

"Ka yi?" in ji Kawu.

"Na yi, Kawu."

Mutumin Kawu a kwamiti ya juya fayil har ya gaji, bai gane nasu ba. Dole aka bi takardu.

Ranar Alhamis shugabar kwamiti ta aiko a kira shi. Ya tarar da ɗan sanda a ƙofarta, ya shiga.

"Wa ya taɓa min fayil?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

Ya ajiye 'yar takardar, ya faɗi komai. Ta duba lambobin, sannan ta ce:

"Koma bakin aikinka. Gobe in tsoro ya kama ka, ƙofata za ka buga."

Aka yi wa Kawu ritayar dole. Dangi suka daina amsa gaisuwar Mai Fayil. Sai ga kiran da ya fi tsoro, na mahaifiyarsa. Ya je ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"An ce ka ci amanar namu," ta ce.

Sai ta ci gaba:

"Shekara tara ubanka yana kai takardunsa ma'aikatar nan, lokacin daraktan ba namu ba ne. Har ya rasu ba wanda ya buɗe fayil ɗinsa. Tashi ka ci abinci."

Darasi: Duk ranar da ka ture cancanta don "namu ne", ka tuna akwai ofishin da kai ne "ba namu ba". Ku tura wa duk wanda fayil ɗin wani ke bi ta hannunsa.