Matar da ke Kawo Fura Ƙofar Kaso

Akwai wata mata a Dogon Dutsi mai suna Mardiyya, tsohuwar malamar makaranta da ta ajiye alli ta koma aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai kare haƙƙin yara.

A shekarar da abin nan ya faru, ƙungiyar ta samu tallafi daga waje. Aikin da aka ɗora musu shi ne su riƙa shiga duk inda ake tsare da yara, su ga cinsu da kwanansu, su kuma bi shari'ar kowane yaro har ta ƙare. Mardiyya aka ba gidan kaso.

Mace ce mai tausayi, wannan ba a musu. Aibinta ɗaya, bakinta yana riga tunaninta fita. Ga shi kuma a Yamai ta tashi, gidan ma'aikacin gwamnati, abubuwa da yawa na ƙauye a labari kawai ta san su.

A ɓangaren yara ta tarar da Jibrilla, wani siririn yaro da bai wuce sha huɗu ba. An kama shi a kasuwar Tibiri da igiyar ragon da ba nasa ba. Shi dai ya ce wani mutum ne ya ba shi riƙo, ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba.

Da Mardiyya ta kai maganarsa gaban alƙalin yara, alƙali ya ce, "Madam, wannan bai kamata ya zauna ciki ba. Ki kawo mini uwa ko uba, ya tsaya gabana ya ce nasa ne, in damƙa masa shi har ranar shari'a. Amma ki hanzarta, kotu ta kusa tafiya hutu. In aka tafi, a kaso zai yi damina."

Ta koma ta tambayi yaron wa yake da shi. Ya ce ubansa ya rasu tun yana rarrafe, kakarsa da ta raine shi ita ma ta rasu bara. Da ta ce, "Uwarka fa?" sai ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. Da kyar ya ce sunanta Sahura, tana aure a wani ƙauye kusa da Dogon Kiriya.

Washegari Mardiyya ta shiga motar haya, daga baya ta ƙarasa a amalanke. Ta iske Sahura a tsakar gida tana daka, ga surukarta a kan tabarma, ga matan maƙwabta sun cika wurin.

Ko ruwan da aka kawo mata ba ta gama sha ba ta ɗaga murya. "Ke ce uwar Jibrilla?"

Taɓarya ta tsaya. Sahura ta kau da kai gefe, ta ce a hankali, "Ni ban san zancen ga ba." Ta ɗauki turminta ta shige bayan ɗaki. Matan suka dubi juna, wata ta rufe baki da gefen zane.

Ku da kuka tashi a gaban kakanni na san kun riga kun gano inda aka yi kuskure. Mardiyya kuwa ba ta gano ba. Ta dawo gari ranta a ɓace, tana faɗa wa abokan aiki cewa yau ta ga uwar da ba ta da zuciya a ƙirji.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Duk zuwan da za ta yi sai ta ga Jibrilla ya ƙara yin shiru.

Wata ranar kasuwa ta same shi yana shan fura a wata ƙaramar ƙwarya mai ɗinki a baki. Ta tambayi mai tsaron ƙofa, wani dattijo Mu'awiya, wa ya kawo.

Ya ce, "Wata mata ce. Duk ran kasuwa sai ta zo tun da hantsi. In na ce wa za a ba, sai ta ce yaron ga na Dogon Kiriya. In na ce mi ne ne tsakaninku, sai ta ce 'yan gari ɗaya na. Ga ta can tana jiran ƙwaryarta."

Mardiyya ta leƙa. A inuwar katanga, ƙafafu duk ƙura, Sahura ce zaune.

Nan take Mardiyya ta tuna kakarta, wadda har ta koma ga Allah ba a taɓa jin ta kira sunan baban Mardiyya ba, sai dai ta ce "wancan". Shi ne ɗanta na fari. Ashe Jibrilla ma ɗan farin Sahura ne. Kunyar ɗan fari ce, ita kuma ta je ta tsitsiye baiwar Allah a gaban surukarta. Kunya ta kama ta sosai.

Wannan karon ba ta yi gaggawa ba. Ta je ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta gaishe ta, ta tambayi gida da shirin shuka. Sai da hira ta yi nisa ta ce, "Yaya Sahura, ki yafe mini zuwan da na yi. Ban iya tambaya ba."

Sahura ta ce, "Ba komi." Sannan ta ce, "Wancan... yana cin abinci?"

"Yana ci. Furarki ya fi so."

Hawaye suka zubo mata, ta goge da sauri kamar wadda aka kama tana laifi.

Mardiyya ta yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce alƙali ba ya neman komai sai wanda zai tsaya ya ce yaron nasa ne. Ta tambaya ko akwai kawu ko baffa da zai zo a madadinta.

Sahura ta girgiza kai. "Dangin ubanai sun ce ba su zuwa wurin ɓarawo. Ni ɗai ta rage." Ta dubi hannuwanta. "Madan, tun da anka yi sunanai bakina bai taɓa hwaɗinai ba. Ƙaƙa ni ka yi gaban mutane?"

Da Mardiyyar da kuka sani ce, da ta ce mata wace irin kunya ce ana maganar kaso. Wannan kuwa cewa ta yi, "Ba zan matsa miki ba. Jibi ne zaman ƙarshe kafin hutu. In kin zo, zan roƙa a rage mutane."

Ranar ta zo. Mardiyya ta roƙi alƙali, ya sa aka fitar da kowa, ya rage daga shi sai magatakarda, sai ita, sai Jibrilla. Ana cikin jira sai ga sallama a bakin ƙofa. Sahura ta shigo ta rakuɓe a jikin bango, ko inda yaron yake ba ta duba ba.

Alƙali ya ce, "Baiwar Allah, mene ne tsakaninki da yaron nan?"

Amsa na bakin Mardiyya tana neman fita, ta cije leɓe ta haɗiye ta.

Sahura ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa yaron baya, ta fuskanci bango. Ta ce, "Ni na haihe shi."

"Sunansa?"

Ta ƙara jan mayafin a fuskarta.

"Jibrilla."

Yaron ya ɗago kai da sauri. Tun da yake bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Ya sa hannu ya rufe idonsa, kafaɗunsa na girgiza. Alƙali ma sai da ya gyara murya kafin ya ce ya damƙa mata shi.

Da suka fito, Sahura ta yi gaba abinta, yaron na biye da ita nesa kaɗan. A bakin titi ta tsaya, ta juyo wajen Mardiyya, ba wajensa ba.

"Madan, ki ce ma wancan shi ɗauko mini ƙwaryata, na baro ta ƙofar kaso. Kuma shi yi sauri, hadari na haɗuwa, gona na jiranmu."

Jibrilla ya ruga da gudu yana dariya, hawaye bai bushe a fuskarsa ba.

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci daga amsarsa ta farko. Wani shirun ƙauna ce a cikinsa, kunya ce kawai ta rufe ta. Mai son taimakon yara, tallafi da kyakkyawar niyya ba su isa ba, sai ya haɗa da haƙuri da sanin al'adar iyayensu. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wata Sahura a zaune a bakin wata ƙofa, tana jiran wanda zai iya tambayarta.