Ranar da Malam Tashi Ya Zauna

Akwai wani mutum a unguwar Takur cikin Dutse, sunansa Chollom. Mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi Jigawa, ya zauna da matarsa Liyatu da 'yarsu Beauty. Hausa kuwa a bakinsa, sai ka rantse a nan aka haife shi.

Amma ku je Takur ku tambayi gidan Chollom, ku ga ko za a nuna muku. Ba wanda ya san sunan. Sai kun ce gidan Malam Tashi, nan take za a ce, "Au, ga shi can, mai koren ƙyaure."

Ga yadda ya samo sunan.

A bakin layinsu akwai wata babbar darbejiya, a gindinta majalisar 'yan dara take. Gurbi talatin ake haƙawa a rairayi. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya da tsinken kara, ɗaya da ƙwallon dabino. Ka jera uku a layi, ka cire ɗan abokin wasanka guda. In ka jera huɗu, ba ci ba ne. Ƙa'idar majalisar kuma ɗaya ce: wanda aka cinye ya tashi, ya ba wani wuri.

To, jama'a, shekara bakwai Chollom yana zama a wannan dara, bai taɓa yin wasa biyu a jere ba. Ya zauna, a cinye shi, ya miƙe, ya karkaɗe wando. Kullum haka.

Sarkin majalisar shi ne Alhaji Gwadabe mai shagon siminti. Da Alhaji ya zauna, mutum goma ne a bayansa. Ya kai hannu kan ɗa, sai ka ji, "A'a Alhaji, ba wannan ba!" Ya kai kan wani, "Yawwa, shi!" Babban mai sa bakin shi ne amininsa Falalu, wanda shi kansa ba a taɓa ganin ya zauna ya buga ba, sai dai tsaye a kan mutane.

Chollom kuwa ba mai tsaya masa. Ba ƙinsa suke yi ba, a'a, kawai dai cinye shi ya zama abin nishaɗin yamma. Da an gama, sai Alhaji Gwadabe ya tafa hannu ya ce, "Malam Tashi, bisimilla, a yi abin da aka saba."

Sai majalisa ta kwashe da dariya. Shi ma ya yi 'yar dariyarsa, ya miƙe.

Aiki ɗaya suka yarda da shi a kai. Yana tasowa daga ofis yake biyowa ta nan, daidai lokacin kiran la'asar. In za su tafi masallaci ana tsakiyar wasa, shi ake bar wa gadin dara, kada awaki su tattake. Sai ya tsuguna shi kaɗai, ya zuba wa wasan ido har su dawo. Bai taɓa matsar da tsinke ko ɗaya ba.

Wata rana ƙanensa Elnathan ya zo daga Jos. Ya sauka a Takur, ya yi ta yawo da jaka a kafaɗa fiye da awa ɗaya yana tambayar gidan Chollom. Daga ƙarshe ya kwatanta kamanninsa ga wani mai a-daidaita-sahu, mutumin ya ce, "Haba, ai sai ka ce Tashi!"

Da suka zauna cin abinci, Elnathan ya ce, "Yaya, wane ne kuma Tashi?"

Chollom ya ajiye lomar da ke hannunsa. Wallahi abin ya yi masa ciwo. Ga shi ƙarshen watan nan zai yi ritaya, su tattara su koma gida. Wato shekarun da ya yi a garin nan, abin da zai bari a bakin mutane ke nan, sunan da ba uwarsa ce ta raɗa masa ba.

A makon ne aka yi shelar gasar dara ta unguwa, wadda ake yi duk shekara ranar Asabar. Ba wata babbar gasa ba ce. Kyautar hula ce da kwandon dabino, sai kuma a kira sunan wanda ya ci a lasifika, duk layi su ji. Alƙalin gasar shi ne Baba Maharazu, dattijon da ya fi kowa daɗewa a majalisar, kuma shi kaɗai ne ba ya sa baki a wasan wani.

Chollom ya shiga gida ya haƙa gurbi talatin a tsakar gida.

Liyatu ta fito daga kicin ta riƙe ƙugu. "Baban Beauty, mene ne haka? Kaji ma ba su tona mini gida irin wannan ba."

"Gasa zan shiga."

"Ka shiga su ƙara yi maka dariya? Saura kwana goma sha biyu mu bar garin nan. Ka bar su da abinsu mana."

Ya ɗago ya dube ta. "Sau ɗaya nake so, Maman Beauty. Sau ɗaya tak a gama wasa wani ya tashi, ni ina zaune. Ba zan hau mota da wannan sunan ba."

Can ta koma ciki, ta fito da ƙwallayen dabino cikin gwangwani, ta dire masa. "To, in za ka yi, ka yi da gaske."

Ranar Alhamis ya sami Baba Maharazu a majalisa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce a rubuta sunansa. Nan da nan aka fara shewa.

Alhaji Gwadabe ya ce, "A kawo masa kujera mai taya, don tashin ya zo masa da sauƙi."

Chollom bai kula shi ba. Ya ce, "Baba, alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar gasa, 'yan kallo su yi shiru. Wanda ya zauna, shi kaɗai zai buga."

Baba Maharazu ya dubi Alhaji. "Ka ji. Kai ne mai riƙe da hular bara, me ka ce?"

Alhaji ya yi dariya har da buga cinya. "Ni? Baba, ko a ɗaki za a kulle mu, ni da shi. Ido rufe ma zan cinye shi."

Baba ya ce, "Shi ke nan. Duk wanda ya sa baki, ko da tari ne, zai bar inuwar nan ya koma rana ya tsaya har a gama."

Kun dai san ranar Dutse a watan Afrilu. Ba a yi mata wasa.

Asabar ta zo. Mutum takwas suka shiga, ban da Alhaji, domin a al'adar gasar mai riƙe da hula ba ya zama sai a wasan ƙarshe. Tun da hantsi aka fara.

Wasan farko, Chollom ya cinye Ɗayyabu tela. Aka ce sa'a ce. Wasa na biyu ya sake ci. Aka fara kallon-kallo. Na ukun ya daɗe, har gumi ya jiƙa masa riga, amma shi ma ya ci. Sai dai a waɗannan zagaye, da an gama 'yan wasan biyu duk suke tashi a share fili a sake haƙa gurabe, don haka ba wanda ya bar wa wani wuri. Abin da yake nema yana gaba.

Bayan azahar aka shimfiɗa wa Alhaji Gwadabe buzunsa. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki tsinkaye. Chollom ya ɗauki ƙwallayen dabino.

Aka gama dasa 'ya'ya. Alhaji ya kai hannu kan wani tsinke, ya tsaya.

Shiru.

Ya janye, ya kai kan wani, ya sake tsayawa, yana ɗan karkata kunne baya. Ba wanda ya ce uffan. Abin da Chollom ya daɗe da lura ke nan: hannun Alhaji ba ya sanin inda zai sauka sai an faɗa masa.

Alhaji ya tura tsinken. Wani daga baya ya kasa daurewa, ya ce, "Kash!"

Baba Maharazu ya nuna masa rana da sandarsa. Mutumin ya fita sumui-sumui.

Chollom ya jera uku, ya cire tsinke ɗaya.

Ba a jima ba Falalu ya yi wani irin tari mai tsawo, wai shi ƙura ce ta shiga masa maƙogwaro. Baba ya ce, "Falalu, rana tana maganin tari. Bisimilla."

Kafin a kira la'asar mutum shida ne a rana, suna ta fifita da huluna. Chollom ya cire tsinke uku, Alhaji ya cire ƙwallo ɗaya.

Da ladan ya kira salla, Alhaji ya miƙe, ya dubi darar, ya dubi Chollom. "Baba, yau kuma wa za a bar wa gadi? Ai ba a bar wa mai wasa wasansa."

Ran Chollom ya ɓaci.

Baba Maharazu ya ce, "Alhaji, ka ji kunya. Shekara bakwai bawan Allahn nan yana kore mana awaki. Ka taɓa dawowa ka tarar tsinkenka ya matsa?"

Alhaji ya sunkuyar da kai, aka wuce masallaci.

Chollom ya tsuguna shi kaɗai, kamar kullum. Ya san dokar shiru ba ta kai hanyar masallaci ba. Ya san a hanyar dawowa Falalu zai raɗa wa Alhaji wani abu. Sai ya koma wurin zaman Alhaji, ya dubi wasan ta can, ya tambayi kansa: in ni ne Falalu, me zan ce a tura? Ya gano shi. Tsinken kusurwa ne. Ya ƙirga abin da zai biyo baya, ɗaya, biyu, uku, sannan ya koma wurinsa.

Aka dawo. Alhaji ya zauna da fara'a, bai ko yi tunani ba ya tura tsinken kusurwa, ya jera uku, ya fizge ƙwallo ɗaya. 'Yan rana suka yi tsalle, suna tafi ba magana.

Chollom ya matsar da ƙwallonsa gurbi ɗaya, a hankali.

To fa! Shawarar da aka ba Alhaji ta turi ɗaya ce, ta ƙare. Ya waiga wajen Falalu. Falalu yana can cikin rana yana zare ido, yana girgiza kai kamar wanda ƙuda ya dama. Alhaji ya ɗauka cewa yake ya ci gaba. Ya ga wani gurbi a buɗe tsakanin tsinkayensa, ya cusa ɗa a ciki da sauri, ya kai hannu zai cire ƙwallon Chollom.

Baba Maharazu ya tare hannun da sanda. "Ƙirga, Alhaji."

Alhaji ya ƙirga. Huɗu ne a layin, ba uku ba. Ba ci. Kuma tsinken da ya ɗauko, shi ne ya tare wa Chollom hanya tun ɗazu.

Daga nan sai abin ya zama kamar tsince tsakuwa a shinkafa. Chollom ya tura, ya cire. Ya dawo, ya cire. Alhaji ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. Da tsinkayensa suka rage biyu, ba yadda za a yi su jera uku, Baba ya ɗaga sanda ya ce, "Wasa ya ƙare."

Kowa ya zuba wa Chollom ido.

Sai Chollom ya dafa gwiwa ya fara miƙewa, hannunsa har ya kai ga wando zai karkaɗe. Jiki ya saba, shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce.

Baba Maharazu ya dafa kafaɗarsa, ya mayar da shi ƙasa.

"Zauna, ɗana. Yau ba kai ne mai tashi ba."

Chollom ya zauna. Idonsa ya ciko da ƙwalla, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Alhaji Gwadabe ya daɗe yana kallon tsinkayensa biyu. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe babbar rigarsa, ya miƙa masa hannu. "Ka cinye ni, ba wata magana. Ashe duk shekarun nan ni da mutum goma muke cin ka. A ina ka koya?"

Chollom ya ce, "A nan, Alhaji. Ku kuke bar mini ita kullum da la'asar."

Baba ya karɓi lasifika, ya kai baki, sai ya tsaya. Ya sauke ta, ya sunkuyo. "Ka gafarce mu, ɗana. Mene ne sunanka na gaskiya?"

Ya faɗa masa.

Liyatu tana tsakar gida tana ɗaure kwalayen kaya, sai ta ji muryar dattijon ta cika layi: "Wanda ya ci gasar dara ta bana, shi ne Malam Chollom. Na sake faɗa, Malam Chollom!"

Ta saki igiyar da ke hannunta, ta rangaɗa guɗa.

Darasi: Kada ka raina mutum don kullum shi ake kayarwa. Wanda aka bari shi kaɗai, kowace faɗuwa karatu ce a wurinsa. Kai kuma da jama'a suke tsaye a bayanka, ka bincika da kyau, iyawarka ce ko tasu, domin akwai ranar da za a yi shiru a bar ka da hannunka. Sannan ka kira maƙwabcinka da sunansa, wasan da ke ba ka dariya wataƙila shi ciwo yake yi masa. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san ya sha faɗuwa amma bai daina zama ba.