Manomin da Ya Sare Gawon Gonarsa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, ba ya gudun aiki, amma yana da ciwo guda, shi ne zargi. In an gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da ake nema a wurinsa. In an wuce ba a gaishe shi ba, ya ce an ƙulla masa wani abu.

Mahaifinsa ya bar masa gona, a tsakiyarta kuwa akwai wani ƙaton gawo. Kun dai san halin gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya kamar matacce. Da rani kuma, in sauran sun bushe, sai ya cika da ganye. Manomin nan yakan tsaya ya dube shi, ya ce a ransa, "Itacen da ya ƙi ruwan Allah, me yake sha?"

Abin bai tsaya nan ba. Da rani makiyaya sukan kawo shanu su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, shi kuwa ya ce leƙen rumbunsa suke zuwa yi. Akwai kuma mujiya da ke zaune a kogon itacen, ya ce ai kowa ya san tsuntsun mayu ce.

Wata rana ya wasa gatari. Matarsa ta ce, "Baban Rifkatu, ka duba fa. Dawar da ke gindin gawon nan ta fi ta ko'ina manyan zangarniya."

Ya ce, "Abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Me ya sa sai nan? Tsotse ƙarfin gonar yake yi, yana tarawa a gindinsa."

Ya sare gawon, aka faskare shi aka yi ta girki. Mujiya ta yi gaba. Da rani ya zo, makiyaya suka ga ba inuwa, suka zarce gonar maƙwabcinsa Kefas, wanda yake taubashinsa ne, shi ma yana da nasa gawon. Manomi ya ji daɗi, ya ce yanzu gonarsa tasa ce shi kaɗai.

Daminar farko bai ga wani bambanci sosai ba. Amma da shekara ta juyo, dawarsa ta fito siririya, ganyenta ya yi rawaya. 'Yar wadda ta nuna kuma, sai ya riƙa tarar da zangarniya a gaigaye, gyaɗa a tone. Ya ɗaga ido ya dubi gonar Kefas, ga ta nan baƙa ƙirin don kyau, iyaka ɗaya ce ta raba su, ruwa ɗaya suke sha.

Sai zuciyarsa ta ce masa, "Ka gani? An binne wani abu a iyaka, ana jan albarkar gonarka." Ya daina amsa gaisuwar Kefas. Ya hana 'ya'yansa cin tuwon gidansa. Har ya ce ran Lahadi zai kai shi gaban dattawan ikkilisiya, a raba zumunci kowa ya huta.

Matarsa ta ce, "Da wace shaida? Mutumin da kuka tashi a kwano ɗaya?"

Ya ce, "Zan tono ta, ki gani da idonki."

Da safe ya ɗauki dagi ya bi iyaka yana tono. Bai ga ƙaho ba, bai ga laya ba. Yana share gumi sai ya lura da wata 'yar hanya a cikin ciyawa, ya bi ta, ta kai shi gindin kututturen gawo. Ramuka ne ko ta ina. Ya soka dagi sau ɗaya, ɓeraye suka yi ta fitowa a guje. Ya ƙara tonawa, sai ga gyaɗarsa da ƙwayar dawarsa jibge a ƙarƙashin ƙasa.

Yana tsaye haka Kefas ya ƙetaro da fartanya a kafaɗa, ya ce, "Taubashi, rijiya ake haƙa ko kabarina? An ce mini ni ne ɓarawon. To ga ni, ga kuma abokan satata can suna gudu da wutsiya."

Manomi ya dubi ramukan. Can ya ce, "Da can ina suke?"

Kefas ya ce, "Suna nan. Mai gadinka mujiya ce ke cinye su, ka kore ta don fuskarta ba ta yi maka ba."

Manomi ya sunkuyar da kai ya roƙi gafara. Kefas ya yafe masa, ya kuma tono masa ɗan gawon da ya tsiro cikin kashin shanu a gonarsa, ya ce, "Dasa. Amma ka sani, abin da ka kayar da hantsi, sai jikanka ne zai ga irinsa."

Ma'anar misalin nan, 'ya'yana, ga ta. Ubangiji ya shirya duniya yadda ba mai ci daga hannun kansa. Yana aiko da hasken rana, ganye ya karɓa ya mai da shi abinci. Saniya ta ci 'ya'yan gawo ta bar taki, ganyen ya zube ya ruɓe, ƙasa ta ƙoshi. Dawa ta samu ƙasa mai ƙarfi ta sha rana ta yi ƙwaya, mutum ya ci, ɓera ya ci, mujiya kuma ta ci ɓera don kada ya yi yawa. Gawon da ke zubar da ganye da damina, hanya yake ba rana ta kai ga shuka. Kowannensu karɓa yake yi ya miƙa gaba, kyautar kuwa daga sama ta fito.

Mai zargi yana ganin abin da kowa ya ɗauka, ba ya ganin abin da ya bari. A gidajenmu da ikkilisiyarmu akwai waɗanda halinsu ya bambanta da namu: tsohuwar da ba ta iya noma sai addu'a, ɗan'uwan da ke tsawata mana ba da murmushi ba, baƙon da ya zauna ya ci tuwonmu. Sau da yawa ta hannunsu Allah yake ciyar da mu, ba mu sani ba. In muka kore su, ɓarna ta shigo, sai mu juya mu ɗora wa wanda ya fi kusa da mu.

Saboda haka, in zuciyarka ta nuna maka wani ta ce, "Wannan ba ya amfana maka komai," kada ka yi saurin gaskata ta. Ka fara durƙusawa ka tambayi Ubangiji me ya ajiye mutumin nan yake yi maka.