Akwatin Naira a Tottenham

An yi wani mutum a nan London, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don haka masu waige-waige ku daina, ba ya cikin sahun nan.

Ya zo daga gida a 1980, ya sami aikin gadi, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba shi flat a Tottenham, shi da matarsa Zinatu da 'ya'ya biyu. Yaran yanzu ba za ku yarda ba, amma a lokacin fam ɗaya a banki bai kai naira ɗaya da rabi ba. Wallahi haka ne! Naira tana da kwarjini, mai ita yana tafiya yana buɗa kafaɗa.

Ranar da zai taso, ya durƙusa gaban tsohuwarsa ya ce, "Inna, albashina na farko na kujerar Makkarki ne." Tsohuwa ta sa masa albarka. Wannan alkawari shi ne abin da nake so ku riƙe.

To, sai mutumin namu ya gano wata hanya. Akwai 'yan kasuwa da ke fitowa da takardun naira a ɓoye, sun matsu da fam don sayen kaya. A banki fam ɗaya naira ɗaya da 'yan kwabbai, a hannunsu kuwa sai su ba ka uku. Ya ce kai, ashe haka arziki yake da sauƙi? Ya sayi wani ƙaton akwati mai ruwan toka, ya tura ƙarƙashin gado. Duk albashin da ya shigo, sai ya mai da shi naira ya zuba. Ya ce ranar da akwatin ya cika zai kai shi gida da kansa, ya biya wa Inna Makka, ya gina bene.

Kuɗin Makka sun taru tun shekarar farko. Zinatu ta ce, "Malam, ka aika wa Inna mana." Ya ce baɗi. Baɗi ta zo, ya ce akwatin bai kai rabi ba. Inna ta aiko da kaset tana tambayar lafiyar jikoki, ba ta ko ambaci alkawarin ba, don kunya. Shi kuma ya ji daɗin da ba ta ambata ba.

Yana da maƙwabci, Masawudu, mutumin zangon Kumasi, mai wankin motocin bas. Mutumin namu ya mai da shi abin tsokana. Kullum suka haɗu a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, za su Juma'a Whitechapel sai ya ce, "Masawudu, sidinku na Gana nawa ne kuɗin burodi yau, kwando ɗaya ko biyu?" Masawudu sai ya yi dariya. Wata rana dai ya ce masa da Hausarsa ta zango, "Abokina, mu mun gani a Gana. Gwamnati ya tashi da safe ya ce takarda kaza ya mutu, shi ke nan ya mutu. Mamanka ya tsufa, kai shi Makka." Mutumin ya ce, "Wannan ai kuɗinku ne. Namu fetur ne a bayansa."

Ya 'yan uwa, fetur ne ke riƙe da arziki, ko Mai fetur?

Watan Afrilu na 1984, akwati ya cika maƙil, sai da ya hau kansa ya zauna kafin ya rufu. Ya shigo kicin yana murna ya ce, "Zinatu, na yi booking na jirgin gida!" Ba a yi kwana uku ba labari ya iso: gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira. An ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffi banki, an rufe iyakoki, a filin jirgi kuma ana zazzage kayan kowa. Wanda aka kama da akwatin naira daga waje, gidan yari zai yi bayani.

Ya yi waya Kano, ya yi waya Legas. Ya bi 'yan kasuwar nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce shi ma ta kansa yake yi. Ya kai akwatin bakin ƙofa ya dawo da shi ya fi sau biyar. Kwanaki suka ƙare yana zaune a kansa. Gumin shekara huɗu, tsayuwar gadi cikin sanyi, duk ya zama takarda.

Zinatu ba ta yi masa gori ba, Allah ya saka mata. Yara kuwa suka sami abin wasan kanti. Ƙaramar ta miƙo masa naira ashirin ta ce, "Daddy, keep the change." Masawudu ya zo jaje, bai ce ai na faɗa maka ba. Mutumin ya ce da ma ya faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Da ya sake tattara 'yan fam bayan shekara biyu, ya rubuta wasiƙa gida cewa bana kam Inna ta shirya. Amsa ta zo a kaset, tare da hula da tasbaha. Muryar Inna ce, tana ta fara'a: "Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Ƙanwarka Karimatu ta kai ni bara da kuɗin man gyaɗarta. Na yi maka addu'a a gaban Ka'aba, na ce Allah ya buɗa maka, don na san rashi ne ya hana ka."

Rashi! Ya kashe rediyon, ya dubi akwatin, ya fashe da kuka kamar yaro. Asarar kuɗin ba ta sa shi kuka ba, kyakkyawan zaton uwarsa ne ya sa shi.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da sauya launin nan, fam ɗaya ya haura naira ɗari. Ko da ba a sauya launi ba, da akwatin nan ya narke a hankali a ƙarƙashin gado. Ladan Karimatu kuwa babu gwamnatin da za ta sauya masa launi.

Don haka mai alkawari da uwa, mai cewa bari canji ya ƙara tashi tukuna, ina maka nasiha: in an sallame, kada ka tsaya gaisawa da ni, wuce ka aika. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin iyaye tun suna raye. Allah ya kiyaye mu da baɗin da ba ta zuwa.