Ofishin da Ɗan Gayu Ya Ƙirƙira

Akwai wani ɗalibi ɗan ajin farko a jami'a, abokai na kiransa Ɗan Gayu. Kullum rigarsa a goge. Ya ce wa kowa babansa babban ɗan kwangila ne, alhali facin taya tsohon yake yi a bakin titi.

Sai malamar koyar da rubutu ta shigo da sabon tsari. Ta ce zangon nan duka jigo ɗaya za a bi: sana'ar da ta ciyar da kai. Wanda ya faɗi darasin zai maimaita shekara.

Makon farko aka ce a siffanta wurin aikin. Ɗan Gayu ya zayyano ofis mai sanyi da kujerar juyi. Takarda ta dawo da jan biro: "Ofishin nan ba wari, ba ƙara. Ka taɓa shigarsa kuwa?"

Ya yi fatan a sauya jigo, ba a sauya ba. Kowane mako ƙaryar na neman sabuwar ƙarya, maki na ƙara zubewa. Ya roƙi wani batun daban, malama ta ce a'a. Gaba kura, baya sayaki.

Mako na shida ta ce kowa ya yi hira da mai sana'ar, ya kawo muryarsa a waya.

Haka ya ja ƙafa zuwa rumfar babansa. Ya zauna kan tsohuwar taya, yana kallon tsohon na tsoma tif ɗin taya cikin bahon ruwa yana neman huji. Da tambayoyin takarda suka ƙare, ya tambaye shi abin da ya fi masa wuya a aikin.

Baban ya ci gaba da juya tif ɗin cikin ruwa, ya ce:

"Ranar da ka wuce da abokanka ta can tsallake, na gan ka. Na sunkuyar da kai, kada in ɓata maka guga."

Ranar gabatarwa Ɗan Gayu ya kunna muryar a gaban aji. Biyu daga abokansa suka ƙyalƙyale da dariya. Malama ta juya gare shi, ta ce masa wannan ne aikinsa na farko na gaskiya.

Sai wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu.

"Malama, a ba ni mako ɗaya in sake nawa. Mamata ba nas ba ce. Shara take yi a asibitin."

Darasi: Kada ka ji kunyar hannun da ya ciyar da kai, ƙarya ɗaki ce marar ƙofa, gaskiya ke fitar da mutum. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, wataƙila wani na can a kulle.