Amanar Sagiru a Hannun Malam Tukur

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah, ana ce masa Malam Tukur. A makaranta yake aiki, amma ba ya riƙe alli, ba ya riƙe bulala. Aikinsa sauraron yara: wanda ya daina magana, wanda karatu ya gagara, wanda ke kuka ba a san dalili ba. Sauran malamai har tsokanarsa suke yi, wai hira aka ɗauke shi yi.

To, ku saurara. Akwai wani ɗalibi, Sagiru, kullum sai ya makara, kullum sai an zane shi a bakin ƙofa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili. Malam Tukur ya ja shi ɗakinsa, ya ba shi ruwa, ya zauna tare da shi har yaron ya buɗe baki.

"Malam, Innata ce. Kanta ya taɓu tun rasuwar Baba. Sai na dama mata koko, na lallashe ta ta sha, sannan in fito. Don Allah kada ka faɗa. In baffannina suka ji, gidan mari za su kai ta."

"Ba za a ji daga bakina ba," in ji Malam Tukur. "Zan nemo likitan da zai duba ta a gida."

Kafin a samu likitan, hedimasta ya kira Malam Tukur.

"Me yaron nan ya gaya maka? Ko ka ba ni dalili, ko in kore shi gobe."

Malam Tukur ya san mutumin. Duk abin da ya ji, a taron safe yake shelarsa, wai don ya zama darasi.

"Ranka ya daɗe, wallahi yana da uzuri. Amma amana ce. A ƙyale shi, laifin a kaina."

"Ni za ka ɓoye wa magana a makarantata?"

Jama'a, na so in ce muku abin ya ƙare da daɗi. Bai ƙare da daɗi ba. Aka tura Malam Tukur wani ƙauye mai nisa, aka cika ɗakinsa da karyayyun bencina, aka kori Sagiru. Baffanni suka zo jin dalilin korar, suka tarar da uwar, suka sa mata mari. Da labarin ya kai wa Malam Tukur, ya zauna ya yi kuka kamar yaro. Ya riƙe amana, amma shi kaɗai ne, kuma mutum ɗaya bai isa ba.

Ladansa na wurin Allah, wannan ba shakka. Mu fa? Yaro ba ya lalacewa haka kawai, akwai abin da ke cinsa. Kai da ke zaune nan, ɗanka ya daɗe da yin shiru a gida. Ka tambaye shi, ko bulala ka ɗauko? In ya faɗa maka, ka rufa masa asiri, ko ka kai majalisa? Ku koma gida ku tambaya yau, tun yana da bakin faɗa.